Sallama Kafin Teku

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai shayi ta bakin tashar Gidan Rumji ya san teku, ko da iyakar ruwan da ya taɓa tsallakawa shi ne gulbi da damina. Malam Inusa ne ya sanar da su. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana jan babbar mota tsakanin Maraɗi da Kwatano, kuma bai taɓa dawowa hannu rabbana ba: in bai kawo kwakwa ba, ya kawo labari. Ruwa ne, in ji shi, wanda ba shi da tsallake. Yana zuwa yana komawa ba wanda ya aike shi, kuma gishirin da ke cikinsa ya ishi miyar duniya.

Matarsa Kande ita ta fi kowa shan wannan labari. Tana ɓarar gyaɗa yana zuba, in ya kai aya sai ta ce, "To, Malam." Ya san irin wannan "to" ɗin sarai. Ita ce wadda ake ce wa yaro in ya shigo da gudu ya ce ya ga kura a bayan rumbu. Abin na ci masa rai, amma ba ya nunawa.

A wani ƙaramin garin masunta tsakanin Kwatano da Lome ne ya ga abin da ya zauna masa a zuciya. Wani tsohon Bature da matarsa, ita ma tsohuwa, suna zaune a gindin kwakwa, gaban motarsu, suna shan shayi. Ya yi sallama, ya leƙa cikin motar, sai ga gado, ga murhu, ga labule a taga. Sanyin ƙasarsu ne ke koro su kowace shekara, sai su bi bakin ruwa daga wannan ɗan gari zuwa wancan har sanyi ya wuce. Ba mai masauki, ba nauyin kowa a kansu, ba nasu a kan kowa. Tun daga ranar Inusa ya ƙudura cewa shi ma sai ya zaunar da Kande a gindin kwakwa.

Da ƙugu ya fara yi masa gardama ya ajiye tuƙi, sai ya sayi wata tsohuwar bas da ta gaji da jigilar 'yan kasuwa. Ya cire kujeru, ya kira mai walda da kafinta, aka kafa gado, aka ɗaure tukunyar gas a kusurwa, aka yi wa randar roba mazauni. Ya shafe ta da fenti ruwan ɗorawa ya sa mata suna Zinariya. Mutanen tasha kuwa suka sa mata nasu: rumbu mai taya.

Ana cikin wannan aikin ne Kande ta fara ture abubuwa. Yau buta, gobe kujera, jibi jikanta da ke rarrafe a gefenta. Likitan ido a Maraɗi ya duba ya sake dubawa, ya ce hawan jinin ido ne. Ganinta yana tsukewa daga gefe, kamar mai leƙen waje ta hudar katanga, kuma hudar raguwa take yi. Maganin ɗigawa zai ja lokaci, amma abin da ya tafi ba ya dawowa.

A hanyar gida ta kama hannun rigarsa.

"Malam, kar ka hwaɗa ma kowa. Ko Yaya, ko Adama. Ban son a riƙa yi mani sannu ina tsaye da ƙahwata."

Ya yi mata alkawari: ko yayanta da ƙanwarta ba za su ji ba. A ransa kuma ya yi wani alkawarin: kafin wannan huda ta rufe, sai Kande ta ga teku da idonta.

Kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, aka sayar da wake, sanyi ya fara sa tsofaffi neman rana da safe. Inusa ya cika tanki, ya ɗaure taya biyu a bisa, ya ce wa Kande ta shiga. Ta shiga, ta gyara mayafi, sannan ta ce:

"Ina za mu ba mu yi sallama ba?"

"Ai mun yi da maƙwabta."

"Maƙwabta ne dangina? In tahi bakin duniya Adama ba ta sani ba?"

"Ga salula, kira ta."

Kande ta juyo da kanta gaba ɗaya ta dube shi. "Sallama ta salula? Sai ka ce wadda ba ta da asali."

To, hanyar teku yamma take, ta Konni da Doso. Adama ƙanwar Kande kuwa a Gangara take aure, can gabas, gaba da Agye. Haka Zinariya ta fara tafiyarta ta zuwa teku da ba teku baya.

Adama mace ce mai baki, kuma tsakaninta da mijin yayarta wasa ne tun tana budurwa. Ta zagaya motar, ta leƙa, ta taɓa labulen, ta yi guɗa. Amma da ta ji wai a ciki za su kwana, sai dariya ta ɗauke.

"A mota? A ƙohwar gidana? Yaya Inusa, mi na yi maku? So kake mutanen Gangara su ce Adama ta bar yayarta a waje kamar buhun gawayi?"

Ya fara bayanin Bature da gindin kwakwa. Kafin ya kai rabi an kwashe kayansu an kai ɗaki, zakara kuma ya riga ya rasa kansa. Abin da Inusa bai lissafa ba ke nan lokacin da yake biyan mai walda: Bature ba shi da ƙanwar mata a Gangara. A ƙasar nan baƙon da ya zo da gadonsa da murhunsa zagi ya kawo.

Baƙo kuma ba ya tashi washegari. Da suka ce za su tashi, aka ce ai suna ya kusa a gidan maƙwabci, a tsaya a ci. Da aka ci suna, Adama ta ƙulla daddawa ta ce a miƙa wa gwaggonsu a Agye, tunda hanya ce. Saƙo kuwa ba a jefa shi ta taga. Sai an sauka, an sha ruwa, an tambayi lafiyar kowa har awaki. Gwaggo ta ba da nata saƙon zuwa rugar Maijidda, wata Bafulatana ƙawar Kande tun suna 'yan mata, Maijidda ta dama fura da kindirmo ta rantse ba inda za su sai shanu sun dawo sun gan su. Daga ruga sai Tibiri, daga Tibiri sai wani ƙauye da Inusa bai taɓa sanin matarsa na da kowa a cikinsa ba.

Zinariya dai ba ta yi zaman banza ba. Ta ɗauki kayan amarya, ta ɗauki rago, ta ɗauki limami da ya makara ɗaurin aure. Mutum na farko da ya kwanta a kan gadon nan da aka kafa don bakin teku wata mai naƙuda ce da aka garzaya da ita asibiti, ta kuwa sauka lafiya. Murhun gas kuwa ko ashana bai gani ba.

Ko'ina suka sauka Inusa sai ya zauna a waje yana kaɗa makulli, yana kallon matarsa tana ɓata masa lokaci. Sai ta matsa kusa da mutum har gwiwa na taɓa gwiwa, ta ƙura masa ido ana hira. Yaro in ya zo gaishe ta, sai ta kama haɓarsa ta juya shi wajen haske, ta daɗe tana dubawa kamar mai sayen ƙwarya. Shi dai ya ɗauka tsufa ne ya zo mata da sabon hali.

Zangon ƙarshe Gidan Sori ne, gidan Malam Usaini, babban yayan Kande, wanda ya aurar da ita bayan rasuwar mahaifinsu. A gaban wannan dattijo Inusa ko hularsa ba ya gyarawa, balle ya ce sauri yake. Ranar da aka sallame su daga can, mutane sun naɗe barguna, zafi ya sauko, an fara sharar gona. Suka koma gida, tafiyar da amalanken jaki ma yana yin ta.

"Malam Inusa, ya teku?" in ji mai shayi. "An ce bana ta matso Gangara."

Rumfa ta ɗauki dariya. Shi ma ya yi, don ba yadda zai yi.

Damina ta zo ta wuce, kuma ta tafi da wani abu na Kande. Yanzu in tana zuba shayi sai ta laluba bakin kofi da yatsa. In yana son ta gan shi, sai ya tsaya daidai gabanta. Tsoro ya kama Inusa, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da birki ya shanye masa a gangare da lodin siminti.

Sanyi ya dawo, ya sake cika tanki. Kande ta shiga, ta gyara mayafi.

"Sai mu hwara da Gangara."

"Ba mun yi sallama bara ba?"

"Sallamar bara ta bara ce. Tun daga nan an haihu, an mutu."

"To," in ji Inusa. Irin nata "to" ɗin ya yi mata, bai kuwa ji kunya ba. Da suka hau kwalta ya karya sitiyari yamma. A lissafinsa, kafin ta farga sun yi nisan da ba a komawa, in ya so ta yi faɗanta a Doso.

Ba su daɗe da barin gari ba ta ɗaga hannu ta shafa fuskarta.

"Malam, rana na bayanmu."

Ya yi kamar ƙarar inji ta hana shi ji.

"Mai zuwa Gangara da sahe rana a huska take dukan shi. Idona ne ya rage, ba hankalina ba. Tsaya."

Ya gangara gefe ya tsaya a inuwar wani gawo. Ya kashe mota. Da ya buɗe baki sai abin da ya tara shekara guda ya zubo: cewa ita ma ta ji abin da likita ya ce, cewa lokaci ba jiran su yake ba, cewa ya ƙera wannan mota don ita amma ta mai da shi ɗan aiken daddawa.

Ta bar shi ya gama.

"Da kunnena na ji abin da likita ya ce," ta ce. "Shi ya sa. Kai kana ganin lokaci nake ɓata maka, ni kuwa ɗan abin da ya rage mani nake rabawa. Bara na ga Adama ta yi hurhura a nan gehe. Na ga Yaya ya rame a wuya. Na ga jikan Maijidda da wushiryar kakarshi. Duk na aje su. Waɗanda anka haihwa bana ban gan su ba. In duhun nan ya zo, Malam, da mi zan zauna a cikinshi? Teku ba ta san ni ba."

Sannan ta ƙara da ƙaramar murya: "Kuma kar ka ce ba ni son ganin tekunka. Ina so. Idon ne bai isa duka ba."

Inusa ya riƙe sitiyari. Kunya ta rufe shi, tausayi ya biyo baya. Wata da watanni yana zaune a ƙofar gidajen mutane yana kaɗa makulli, matarsa na ciki tana yin guzuri, shi da idonsa biyu garau bai ga komai ba.

Ya tada mota ya juya. Amma bai yi gabas ba, gida ya mai da ita. Ya ce ta huta yana zuwa, ya ari babur ɗin maƙwabci ya kama hanyar Gidan Sori.

Ya tarar da Malam Usaini a zaure yana tufkar igiya. Ya durƙusa, aka gaisa gaisuwa mai tsawo, sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya auri Kande: ya karya alkawarin da ya yi mata. Ya faɗi komai, da likita, da huda, da teku, da abin da aka yi a gindin gawo.

Dattijon ya ajiye igiya.

"Wato da wanga abu a cikinku kunka zo kuna cinye muna kaji," ya ce. Ya share ido da bakin rawani. "Koma gida. Kar ku je ko'ina sai kasuwarku ta ci. Ita ta gama zuwa wurinmu."

Inusa na fita ya ji tsohon yana kiran a kawo masa salula.

Ranar kasuwar Gidan Rumji, tun hantsi amalanke ya fara tsayawa a ƙofar gidan Inusa. Sai babura, kowanne da mutum uku da goyo. Motar Agye ta sauke gwaggo da buhunta. Maijidda ta iso da ƙwarya a ka da jikoki a baya. Adama kuwa tun daga bakin lungu ake jin muryarta.

Kande ta fito tsakar gida ta tsaya, tana juya kai a hankali daga wannan murya zuwa waccan. Sannan ta nemo mijinta.

"Ka hwaɗa."

"Na hwaɗa."

"Za mu yi magana."

Har yau ba a yi maganar ba, don Adama ta riga ta karɓe gidan. Ta shimfiɗa tabarma a inda rana ke sauka sosai, ta zaunar da yayarta, ta juya ga jama'a ta ce duk wanda ya kuskura ya ce sannu ko ya matse hawaye, ba shi ba tuwo. A zo ɗaya bayan ɗaya, a zauna, a ba da fuska.

Haka aka yi. Aka miƙa mata jariran bana tana juya su wajen haske tana faɗin wanda kowanne ya ɗebo. Ta ce wa wani ƙanenta gemu bai karɓe shi ba. Ta gane wata jika da ba ta gani ba tun tana goye, ta kunnuwa kawai. Aka yi ta dariya, masu kuka kuma suka riƙa zagayawa bayan rumbu suna dawowa da fuska a wanke, saboda tuwo. Da layi ya zo kan Malam Usaini, ya zauna gaban ƙanwarsa ya cire tabarau da kansa. Nan ne kawai gidan ya yi tsit.

Washegari da safe dangi suka kewaye Zinariya. An cusa mata guzuri har ƙarƙashin gado, ga kuma jarkoki fanko, don kowa na son a kawo masa ruwan nan ya ɗanɗana ya ji ko da gaske da gishirinsa.

"Ku tahi," in ji Adama tana tura ƙofa. "Kajin Gangara sun ƙare. Kuma Yaya Inusa, in ka sake ka biyo ta gabas, ni da kai ne."

A wannan karon rana na bayansu, ba wanda ya ce a tsaya. Gaba da Konni murhun gas ya ga wuta karon farko, Kande ta dafa shayi ta ce yana warin sabon abu. A gadar Gaya ta leƙa ta ga kogin Kwara shimfiɗe, ta dafe ƙirji.

"Ita ce?"

"Wannan?" Inusa ya yi dariya har da buga sitiyari. "Wannan ko 'yar aikinta ba ta kai ba."

"To, Malam."

Suka yi ta gangarawa kudu, ƙasa na ƙara kore, iska na ƙara nauyi. Bai tsaya a Kwatano ba, ya bi ta gefe ya miƙe zuwa ɗan garin masuntan nan. Yana kashe mota a gindin kwakwa sai ga wani mai tsire ya taso da gudu, ya ga lambar Nijar a jikin motar. Mutumin Tibiri ne, Abdurrahaman, ya ce wallahi ga ɗaki a gidansa, ba za a ce mutanen gida sun kwana a waje yana garin ba. Inusa ya dafe kai.

"Ɗana, Allah shi yi albarka," in ji Kande ta taga. "Gobe mu zo mu ci abincinka. Amma mijina ya gina mani ɗaki, yau a cikinshi zan kwana."

Ya kama hannunta suka bi ta tsakanin jiragen masunta da tarunan da aka shanya. Tun kafin su hau tudun yashi ta ji ƙugin, ta ƙara damƙe hannunsa. Da suka hau, ya saki hannun ya koma gefe.

Kande ta tsaya. Hudar da ta rage mata ba ta ɗaukar abu mai faɗi, don haka sai ta fara daga hagu, ta riƙa juya kai a hankali, a hankali, har ta kai dama. Ta sake dawowa. Igiyar ruwa ta taso ta fashe ta aiko kumfa har kan yatsunta, ta ja da baya da salati, sannan ta matsa gaba.

"Ina ɗaya gaɓar?"

"Babu."

Ta duƙa ta dangwala yatsa ta kai baki. Ta yamutsa fuska.

"Malam," ta ce, "shekara talatin ina ce maka to, ina zaton ƙari kake yi. Ashe ragewa ka yi."

Daɗi ya cika Inusa har ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ya fara nuna mata inda jiragen ruwa ke bi, da inda Baturen nan ya ajiye motarsa, da garin da za su kwana jibi, sai ta katse shi.

"Bar wannan. Zo nan, tsaya gabana. A'a, ba teku baya, in haɗa ku biyu."

Ya zo ya tsaya tsakaninta da ruwa. Ta ɗaga hannu ta kama haɓarsa, da farin gemun da komai, ta juya shi wajen haske.

"Kowa ya zauna na gan shi ran nan, kai kana can kana rabon tuwo," ta ce. "Kai na bari ƙarshe. Tsaya da kyau, kar ka motsa."

Ruwa ya zo ya jiƙa masa bakin wando, ya koma, ya sake zuwa. Malam Inusa bai motsa ba.